Ƙin Tashi: Babur ɗin Ƙanƙara a Sanyin Digiri 40

Digiri 40 ƙasa da sifili shi ne wurin da manyan ma'aunan zafi biyu suke haɗuwa. Ma'aunin Salshiyos da muka saba da shi da na Farenhait da Amurkawa suka riƙe, lamba ɗaya suke nunawa a nan, don haka ba a tambayar mutum da wanne yake magana. Kafin a kai nan ma, zaibar da ke cikin tsohon ma'aunin zafi ta riga ta sandare, domin ita a wajen 39 take daskarewa. A irin wannan sanyi nake so mu duba wata tambaya da ake yi kowace safiya a arewacin duniya: me ya sa inji lafiyayye, wanda jiya ya yi tafiya ba tare da tari ko ɗaya ba, yau ya ƙi tashi?

Na yi hunturu da dama a Yellowknife, babban birnin Yankunan Arewa maso Yamma na ƙasar Kanada, gari mai mutane kimanin 20,000 a bakin tafkin Great Slave. A watan Janairu matsakaicin sanyi yana kusa da digiri 25 ƙasa da sifili, kuma dararen da yake sauka zuwa 40 ba baƙi ba ne. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce kimanin awa biyar a sama. Tafkin yana daskarewa har a shata masa hanyar mota ta kimanin kilomita 6 zuwa ƙauyen Dettah. Amma da zarar an sauka daga hanyar da aka share, abin hawa ɗaya ne ya rage wa mutum: babur ɗin ƙanƙara.

Yana da kan tuƙi da wurin zama kamar babur, sai dai ba shi da taya. A gaba akwai dogayen takalma biyu masu sulɓi, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin na katafila, shi ke tura shi. Mutanen nan Ski-Doo suke kiransa ko da wane kamfani ne ya ƙera shi, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo.

Abin hawan da ya gaji karnuka

Asalinsa ma daga rashin hanya ya fito. A hunturun 1934, a garin Valcourt na lardin Kwebek, ɗan wani makanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya kamu da ciwon ciki mai tsanani. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu yana da shekara biyu. Mahaifin, wanda dama ya daɗe yana gwaje-gwajen abin hawan ƙanƙara, ya duƙufa har ya fito da mota mai ɗaukar mutum bakwai a 1937, sannan a 1959 ya fito da ƙaramin babur ɗin da aka sa wa suna Ski-Doo. Ba a jima ba ya maye gurbin karnukan ja a mafi yawan ƙauyukan arewa.

A kudancin Kanada abin wasa ne na ƙarshen mako. A nan kuwa da shi mafarauci yake zagaya tarkunansa, da shi masunci yake zuwa ramin da ya huda a ƙanƙara ya saka koma, da shi ake jawo itace da nama zuwa gida. Dattawan ƙabilar Dene da suka yi zamanin karnuka sukan ce kare yana tashi da safe komai sanyi, kuma ya san hanyar gida ko da mai shi bai gani. Inji ya fi kare gudu nesa ba kusa ba, amma cikin awa ɗaya zai kai ka inda ba za ka iya dawowa da ƙafa a yini guda ba. Saboda haka maganar tashinsa ko ƙin tashinsa magana ce ta rai.

Abin da na fahimta bayan shekaru shi ne, injin da ya ƙi tashi a irin wannan sanyi sau da yawa babu abin da ya lalace a jikinsa. Abubuwa uku ne suka yi nauyi a lokaci ɗaya: fetur, baƙin mai, da batir. Kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa wahala, kuma dukkansu abu ɗaya suke nema, wato ɗumi.

Fetur ba ya ci sai ya yi tururi

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ruwan fetur ba shi ne ke kama wuta ba. Abin da ke ci shi ne tururin da yake tashi daga kansa ya gauraya da iska. Warin da ake ji a gidan mai da tsakar rana, tururin nan ne, kuma saboda shi ake hana ƙyasta ashana a wurin. Zafi ne ke tayar da shi. Duk sa'ad da sanyi ya ƙaru sai ya ragu, har a kai tsakanin digiri 40 da 45 ƙasa da sifili, inda fetur da kyar yake fitar da abin da tartsatsi zai iya kunnawa.

Inji yana son haɗin da bai yi nisa da kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur ba, in an auna da nauyi. Sanyi yana ɓata wannan haɗi ta fuska biyu. Iska mai sanyi ta fi cunkushewa: a digiri 40 ƙasa da sifili ta fi ta ɗaki mai ɗumi nauyi da kimanin rubu'i, don haka kowane numfashin inji yana jawo iska fiye da kima. Shi kuma fetur, ɗan abin da aka fesa, da ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya kwanta a jikinsa kamar raɓa. A inji mai bugu biyu, wato dangin ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, tafiyar ta fi tsawo, domin haɗin sai ya ratsa cikin injin ta ƙarƙashin fistin kafin ya hau inda wuta take. Kowane bango da ya wuce yana cin rabonsa.

Duk wanda ya taɓa tayar da babur da asubahin hunturu a Jos ko Damagaram ya san maganin farko, wato jan cok. Hikimarsa mai sauƙi ce. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu masu nauyi, wasu marasa nauyi, kuma marasa nauyin suna iya tashi ko a cikin sanyi. In kaɗan ne daga cikin man zai zama tururi, sai a zuba da yawa domin kaɗan ɗin ya isa. Da wannan dalili ne matatun mai a ƙasashen sanyi suke sauya haɗin fetur in hunturu ya gabato, su ƙara masa sinadarin butan, wanda yake tafasa tun a wajen sifili. Wanda ya bar fetur ɗin bazara a tanki ya kwana watanni, ya yi asara biyu: dama marasa nauyin ba su da yawa a cikinsa, kuma ɗan abin da ke akwai ya riga ya tsere.

Sai dai cok yana da farashi. Sauran man da bai yi tururi ba yana nan ruwa, yana taruwa, kuma in ya yi yawa sai ya jiƙe fulogi. Fulogin da ya jiƙe ba ya ba da tartsatsi, wutar sai ta bi danshi ta sulale. A ranar da sanyi yake da sauƙi, tazarar da ke tsakanin yunwar inji da ƙwarewarsa tana da faɗi, ko ɗan koyo zai dace. A digiri 40 tazarar ba ta wuce ja uku ko huɗu na igiya ba.

Baƙin mai da batir

Wanda ya ga yadda man kaɗe yake sandarewa da hunturu ya riga ya san abin da ke samun baƙin mai. Da farko yakan yi kauri kamar zuma, daga baya ya ƙi zuba daga galan gaba ɗaya. Fistin da sandar da ke juya injin suna kwance cikin wannan danƙo, don haka igiyar da yaro zai ja da hannu ɗaya a watan Afrilu, a Janairu sai ƙato ya taka babur da ƙafa ya ja da hannu biyu. Lambobin da ake gani a jikin galan, irin su 0W-40, wannan matsala suke bayani. Harafin W yana nufin hunturu a Turance, kuma ƙanƙantar lambar da ke gabansa ita ce alamar man zai gudana cikin sanyi. A inji mai bugu biyu na zamani, baƙin mai yana da tankinsa daban da ɗan famfonsa. In man ya yi kauri ya kasa bin siririn tiyo, injin zai iya tashi ya yi mintunansa na farko a bushe, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai daga baya.

Batir kuwa ba rumbu ba ne da ake tara wuta a ciki. Aikin sinadarai ne tsakanin dalma da ruwan asid, kuma kamar kowane aikin sinadarai, sanyi yana rage masa sauri. Masu ƙera batir suna auna ƙarfin tayar da injinsa a digiri 18 ƙasa da sifili, na tsawon daƙiƙa 30. A wannan mataki ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma daga nan zuwa 40 akwai sauran digiri 22. Batir mai cikakken caji ruwansa ba ya daskarewa ko a digiri 50, amma wanda ya sauka ƙwarai ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, zai iya daskarewa tun a wajen 10, ya kumbura ya fasa jikinsa. Ba a yi wa daskararren batir caji, domin yana iya fashewa. Sai an kai shi ɗaki ya narke tukuna. Sababbin batura na litiyam suna da nasu hali: sukan yi kamar sun mutu, amma in aka kunna fitila na ɗan lokaci, wutar da ke ratsa su sai ta ɗumama su daga ciki, ƙarfinsu ya dawo.

To ga inda abubuwan suke sarƙewa. A daidai lokacin da inji ya fi bukatar ƙarfi saboda kaurin mai, a lokacin batir ya fi rauni. Sai inji ya riƙa juyawa a hankali. In yana juyawa a hankali, matsar iskar da fistin ke yi ba ta haifar da zafi sosai, domin ƙarfe mai sanyi yana shanye shi kafin ya taru. Zuƙar da ke jawo mai daga kafireto ta yi rauni. A injin da ke samar da tartsatsinsa daga juyawarsa, tartsatsin ma ya yi rauni. Ga mai da kyar yake tururi, ga wuta da kyar take ƙyasawa.

Ƙanena, wanda ya daɗe yana hawan babur a gida, ya taɓa tambayata a waya: "Yaya, me ya sa ba ku tura shi kawai ku saki kuloci?" Tambaya ce mai ma'ana, amma ba ta aiki a nan. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giyar da ake sawa da ƙafa. Kulocinsa da kansa yake kama bel, kuma ba ya kamawa sai injin ya kai wani gudu. In inji a kashe yake, ko daga kan tudu aka gangaro da shi, juyawar ba za ta koma wa injin ba. Abin da ya rage shi ne igiya, ko makulli.

Ruwan da ba a gani

Akwai mai laifi na huɗu wanda ya fi sauran ɓoyewa. Tankin da ba a cika ba yana da iska a samansa, iskar kuma tana da danshi. In sanyi ya sauka da dare, danshin yakan kwanta a bangon tanki, ya gangara ƙasa, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Haka kuma duk sa'ad da aka buɗe murfi a fili, 'yar dusar ƙanƙara takan faɗa ciki. Ɗigo kaɗan ya isa ya daskare a matatar mai ko a ƙaramar ƙofar kafireto, wadda ba ta fi kaurin allura da yawa ba. Alamarsa ita ce inji ya tashi, ya yi daƙiƙa kaɗan, ya mutu, domin ya cinye abin da ke gabansa, na baya kuma ya kasa isowa. Shi ya sa ake cika tanki da yamma, ake kuma zuba ɗan sinadarin alkohol da ake sayarwa musamman domin wannan aiki, wanda yake haɗewa da ruwan ya hana shi zama ƙanƙara.

Wani abin da baƙo ba zai yi tsammani ba shi ne, shigar da babur gareji mai ɗumi na ɗan lokaci yana iya zama sharri. Dusar da ta maƙale a jikinsa takan narke ta shiga cikin wayar totur da makunnai. In aka fitar da shi kafin ya bushe sarai, ruwan ya daskare a inda hannu ba ya kai wa. Totur ɗin da ya daskare a buɗe shi ne mafi haɗari, domin da injin ya tashi, kuloci zai kama, babur ya tsere da mai shi ko babu shi. Saboda haka ake matsa totur a sake shi sau biyu ko uku kafin a taɓa igiya, a tabbatar yana komawa, kuma ake ɗaura wata 'yar igiya daga makunni zuwa rigar mahayi, wadda in ya faɗi za ta fizge ta kashe injin.

Lallashi

Mafi yawan abin da na sani a aikace daga wurin wani dattijo maƙwabcina na koya, ɗan ƙabilar Dene, wanda nakan raka zuwa bukkarsa ta farauta a gefen tafki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, tashin injinsa na safe tun daren jiya yake fara shi. Kafin ya shiga ɗaki yakan cika tanki, ya juya babur ya ba iska baya, ya ɗaga bayansa a kan guntun itace domin kada bel ɗin roba ya manne da ƙasa, ya rufe shi da tamfol. In ya ga taurari sun yi tas kuma iska ta kwanta, alamar daren zai yi tsanani, sai ya kwance batir ya shiga da shi ɗaki, wani lokaci har da ƙaramin bel ɗin kuloci, wanda sanyi ke mayarwa kamar katako.

Da safe ba ya gaggawa. Yakan kwance fulogai ya jera su a gefen murhu, ya cika goruna da ruwan zafi ya jingina su a jikin injin, ya mayar da tamfol, ya dawo ya dafa shayi. Na ce masa, "Baba, ga shi rana gajera ce, ba ma fara gwadawa?" Ya ce, "Ɗana, ba ciwo yake yi ba, barci yake yi. Ka ba shi rabin awa yanzu, ko ya karɓi rabin yini daga hannunka."

A gari, inda akwai lantarki, hita ake jona wa inji, kamar yadda kusan kowace mota a Yellowknife take da wayar da ke leƙowa ta gabanta domin a jona ta da dare. A daji wasu sukan kunna ƙaramin risho a ƙarƙashin tamfol domin ɗumi ya taru, amma wannan aiki ne na wanda ba zai ɗauke ido ba, domin wuta ce a kusa da fetur da roba. Ba a kwarara ruwan zafi kai tsaye a kan wayoyi, tunda cikin mintuna zai koma ƙanƙara.

In ɗumi ya shiga, sai ya mayar da fulogai da zafinsu. Yakan ja igiya a hankali sau da yawa, makunni a kashe, domin a karya danƙon mai. Daga nan ya duba totur, ya kunna, ya ja cok gaba ɗaya, ya ɗauke yatsa daga totur. Wannan na ƙarshe yana da dalili: a irin kafireton da ke yawancin waɗannan babura, cok wata ƙaramar hanya ce ta ƙarin mai, kuma buɗe totur yana rage zuƙar da ke jawo man ta cikinta. Sai ya ja da ƙarfi. Da injin ya yi tarin farko, sai ya mayar da cok rabi, domin tarin nan shaida ce cewa mai ya iso, kuma ƙari daga nan jiƙa fulogi ne. In ya jiƙe duk da haka, sai a kashe cok, a kwance fulogai a shanya su ko a sa na ajiya, a ja igiya babu su domin injin ya fitar da abin da ya ƙware da shi.

Akwai gwangwanin feshi da ake sayarwa na sinadarin ita, wanda yake kamawa ko a sanyin da fetur ya gaza. Yana aiki, amma maƙwabcina ba ya son sa a inji mai bugu biyu, kuma yana da hujja: feshin ba ya ɗauke da baƙin mai, yana ma wanke ɗan wanda ke jikin silinda, sannan yana fashewa da ƙarfin da ya wuce kima.

Tashin inji ba shi ne ƙarshen aiki ba. Fistin na alminiyam ne, yana saurin ɗaukar zafi ya kumbura, silindar da ke kewaye da shi kuwa tana nan da sanyinta. Wanda ya matsa totur da ƙarfi nan take, fistin zai iya cika silinda ya cije, inji ya mutu mutuwar da ba a gyarawa a daji. Don haka sai a bar shi ya yi ta gunaguni na wasu mintuna, a fili, ba a rufaffen wuri ba saboda gubar hayaƙi. Sannan a ɗaga baya a bar bel ɗin roba ya juya a sama ya yi laushi, a girgiza takalman gaba su rabu da ƙanƙarar da suka manne da ita, a yi kilomitan farko a hankali.

Sabo da tsoho

Baburan zamani sun rage wannan wahala ƙwarai. A maimakon kafireto da cok, akwai ƙaramar kwamfuta da ke auna sanyin iska da na inji, ta fesa daidai man da ake bukata. A mafi yawan ranakun hunturu, murɗa makulli ɗaya ya isa, ga ƙarancin hayaƙi, ga tattalin mai. Ba na cikin masu kukan zamanin da ya wuce.

Amma akwai abin da aka bayar a musaya. Inji mai bugu huɗu yana da baƙin mai da yawa a jikinsa, ya fi nauyin juyawa, kuma yawancinsu ba su da igiya ko kaɗan. Famfon mai, kwamfuta, da na'urar juya inji duk a kan batir suka dogara, kuma ƙaramin makunnin lantarki ɗaya da danshi ya daskare a cikinsa ya isa ya tsayar da komai. Shi ya sa har yau za ka ga mafarauta suna riƙe da tsofaffin ƙananan babura masu silinda ɗaya, irin su Ski-Doo Elan da Yamaha Bravo, waɗanda aka daina ƙerawa. Ba su da gudu, ba su da daɗin zama, amma mutum ɗaya zai iya ɗaga su in sun nutse, kuma duk abin da zai hana su tashi, ana iya ganinsa da ido a taɓa shi da hannu. Ra'ayina shi ne, sabon ya fi wuyar ƙin tashi, tsohon ya fi sauƙin lallashi in ya ƙi. Gwargwadon nisan da mutum zai yi daga jama'a, gwargwadon yadda na biyun ya fi muhimmanci.

Ɗumin da ke jikin mutum

Duk abin da na lissafa a sama ɗumi yake nema, kuma a tsakiyar tafki, in babu wuta, ɗumin da ya rage shi ne na jikin mahayi. A nan haɗarin yake. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka haɗu suka kai 40 zuwa 47 ƙasa da sifili, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Kwance fulogi kuwa ba ya yiwuwa da manyan safar hannu, sai an cire su. Ƙarfe yana zuƙe ɗumin yatsa nan take. Fetur ya fi ƙarfe muni, domin yana nan ruwa a digiri 40, kuma in ya zuba a hannu sanyinsa yana ƙona fata kafin a goge.

Sai kuma gumi. Wanda ya fusata ya yi ta jan igiya sau talatin, sau arba'in, jikinsa zai yi zafi, rigarsa ta ciki ta jiƙe. Da ya tsaya hutawa, danshin nan zai fara zuƙe ɗuminsa. Ga shi ya gaji, ga fulogi ya jiƙe, ga rana ta karkata. Kowane ja da ya yi, daga jarinsa ya cira, injin kuma bai ƙaru da komai ba. Sanyi in ya shiga jiki hankali yake fara taɓawa, sai mutum ya ga kamar hikima ce ya bar babur ya kama tafiya da ƙafa cikin duhu.

Ƙa'idar da na ga masana daji suna bi ita ce, in an ja 'yan lokuta bai tashi ba, a bar igiya a hura wuta. Wuta za ta ɗumama hannu, ta ɗumama fulogi da batir, ta tafasa ruwan gora, ta kuma ba mutum damar yin tunani. Shi ya sa gatari, ashana a abin da ruwa ba ya shiga, tamfol, fulogai da bel na ajiya ba sa barin akwatin babur. Shi ya sa ake tafiya da babur biyu in tafiyar mai nisa ce, ake kuma gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Masu kwana a tanti a daren da ya tsananta sukan tashi sau ɗaya ko biyu su tayar da inji ya yi ɗumi, domin hana shi sandarewa ya fi farfaɗo da shi sauƙi.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a nan ba. Mutanen da aka haifa cikin wannan sanyi ba sa jin kunyar fasa tafiya in ma'auni ya kai 40, baƙi ne suka fi ɗaukar abin a matsayin gwajin jarumtaka. Ni dai in babur ya tashi da kyar a ƙofar gida, inda akwai lantarki da ɗaki mai ɗumi da maƙwabta, nakan tambayi kaina yadda zai yi da la'asar a tsakiyar tafki, bayan ya yi awa huɗu a tsaye cikin iska. Sau da yawa amsar ita ce in mayar masa da tamfol ɗinsa, in jira jibi.